Bareyi sun cinye dashena a Mishigan: wane itace zan sake dasawa?

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani ɗan'uwanmu mutumin Kano da ke zaune da iyalinsa a jihar Mishigan ta Amurka. Ga abin da ya rubuto, a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da Allah ya hore mini gida a ƙauye mai fili eka 10 a kudancin Mishigan. Iskar sanyi daga yamma tana dukan gidan, kuma duk wanda ya bi titi yana hango tsakar gidanmu, abin da yake takura wa maiɗakina da 'ya'yana mata. A watan Mayun bara na dasa itacen da ake kira arborvitae guda 60 a jere, tsawon ƙafa 300, don su zame mana katanga mai kore rani da damina. Sun yi kyau har watan Disamba. Da ƙanƙara ta narke a watan Maris, sai na tarar bareyi sun cinye su, yawancinsu sai tsinke. Kuɗin da na kashe daga tanadin da muka yi ne na zuwa gida gaida mahaifiyata, kuma tun farko maiɗakina ta ce in dakata in yi tambaya, ban saurara ba. Maƙwabcina ya ce in dasa blue spruce, wani kuma ya ce in rataya sabulu a jikin itatuwan. Wane itace ne barewa ba ta ci? Ko in haƙura da dashen gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da mafificin abin da ka rasa, ya kuma sanya albarka a gidan da filin. Kada ka haƙura da dashen, domin abin da kake nema mai yiwuwa ne, kuma maƙwabtanka da yawa sun same shi a kan irin ƙasarka da irin bareyinka. Sai dai tambayar da ka yi tana bukatar gyara kafin a amsa ta. Babu itacen da zan iya rantse maka cewa barewa ba za ta taɓa kai masa baki ba, domin idan ƙanƙara ta rufe ƙasa wata biyu ko uku, yunwa tana sa ta ci abin da ta ƙi a watan Yuli. Abin da yake akwai shi ne itacen da take nema ido rufe, da kuma wanda ba ta waiwayarsa sai ta rasa komai. Tsautsayin da ya same ka shi ne ka dasa wanda ke kan gaba a rukunin farko, kuma ka bar shi ba kariya.

Dabbar da kake fama da ita ba barewar dajinmu ba ce, ko da yake sunan da muke ba ta ke nan. Ita ce mai farin ƙarƙashin wutsiya, wadda farauta ta kusa ƙarar da ita a Amurka wajen shekarar 1900, lokacin da aka ƙiyasta ragowarta bai kai rabin miliyan ba, amma a yau ana maganar kimanin miliyan 30. A kudancin Mishigan babu sauran manyan namun dajin da ke rage ta, kuma yanayin wurin, gona nan, ɗan kurmi can, gida da lambu a tsakani, shi ne ainihin abin da take so. Daga Mayu zuwa Oktoba tana ƙoshi da waken suya da masara da ɗanyar ciyawa, shi ya sa dashenka ya zauna lafiya har ka saki jiki. Idan sanyi ya kankama, abincinta yana komawa tsinken reshe da toho, kuma duk wani kore da ya leƙo saman ƙanƙara ya zama abin nema. Arborvitae ɗin da ka saya, wanda masana ke kira Thuja occidentalis, shi ne dai itacen da mutanen arewacin jihar ke kira white cedar, kuma a can cikin kurminsa ne bareyi ke taruwa su yi sanyi, suna fakewa a ƙarƙashinsa suna cin ganyensa. Ganyen mai laushi ne, ba ƙaya, ba kaifi. Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey tana da jerin tsirrai da ta kasa kashi huɗu gwargwadon yadda barewa ke yi musu ɓarna, kuma wannan itacen yana kashi na ƙarshe, na waɗanda ake yawan lalatawa ƙwarai. Da mai sayarwar ya tambaye ka inda za ka dasa, da ya kamata ya gaya maka haka.

Kafin ka sake kashe ko sisi, ka fita ka duba ragowar da kyau. Ka kama bakin reshen da aka ci ka dube shi kusa. Idan ya yi yage-yage, da zare-zaren ɓawo a bakinsa, aikin barewa ne, domin ita ma kamar akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dai ta danne reshe da dasashi ta fizge. Idan kuwa an yanke shi sumul a karkace kamar da wuƙa, kuma kusa da ƙasa, zomo ne, kuma maganinsa daban. Sannan ka kankare ɓawon kowane dashe kaɗan da farcenka. Wanda ka ga kore da danshi a ƙarƙashin ɓawonsa yana da rai, wanda ya bushe ya yi ruwan ƙasa ya tafi. Sai dai ka sani arborvitae ba ya cika sake toho a tsohon reshen da aka tsiraita, don haka wanda aka cinye har jikin sanda, ko da ya rayu, da wuya ƙasansa ya sake rufewa. Ka zaɓi waɗanda suka rage da ganye mai ɗan yawa, ka tone su a watan Afrilu ka mayar da su kusa da gida a wuri ɗaya, inda za ka iya kewaye su da waya a kuɗi kaɗan. Sauran ka cire su, kada ka yi ta zuba musu ruwa da taki a kan fatan da ba zai cika ba.

Yanzu ga maganar zaɓi. Zan rubuta sunayen itatuwan kamar yadda za ka gan su a takardar masu sayar da dashe, domin da su za ka yi ciniki. Ƙashin bayan katangarka ya zama dangin spruce. Ganyensu gajeru ne masu tauri kamar allura, suna sukar baki, suna da ƙaron da barewa ba ta so, kuma a wuraren da bareyi suka yi yawa su ne ke tsayawa lafiya alhali na kusa da su sun zama tsinke. A cikinsu na fi ba ka shawarar Norway spruce. Asalinsa na Turai ne, amma manoman Amurka sun daɗe suna kewaye gidajen gona da shi, kuma idan ka lura a hanyarka ta zuwa aiki za ka ga dogayen itatuwa masu duhun kore da rassa masu rinjaya ƙasa a yamma da tsofaffin gidaje, yawancinsu shi ne. Shekara biyu ko uku na farko zai yi kamar ya tsaya cak, yana aikin saiwa ne, bayan nan yana iya ƙara ƙafa 2 ko fiye a shekara, har ya kai ƙafa 50 zuwa 60. Na biyunsa white spruce, ɗan asalin yankin ne, bai kai na Norway saurin girma ba, amma ya fi shi jure sanyi da iska da ƙasa mai nauyi, kuma yana da cikar rassa har ƙasa, wanda shi ne abin da mai neman sutura yake bukata. Akwai wani nau'insa da ake kira Black Hills spruce, ya fi shi cunkushewa, ya kuma fi shi jinkiri.

Shawarar maƙwabcinka ta blue spruce tana da gaskiya ta fuska ɗaya, domin barewa ba ta son shi, allurarsa ta fi ta kowa kaifi. Amma ni ba zan ce ka dasa shi ba. Itacen tsaunukan Kolorado ne, inda iska take a bushe, kuma a cikin laimar Mishigan cututtukan fumfuna suna kama shi, suna zubar masa da ganye daga rassan ƙasa zuwa sama, har ya zama a shekara 15 ko 20, daidai lokacin da ya kamata ka fara cin moriyarsa, ƙasansa ya zama ƙirare ana hango gida ta tsakaninsa. Masana aikin gona na Jami'ar Jihar Mishigan sun daɗe suna jan hankalin mutane a kan wannan. Ka duba waɗanda ke bakin tituna a garinku, za ka ga shaida da idonka.

Kada kuma ka dasa iri ɗaya tak daga farkon layi zuwa ƙarshe, domin cuta ɗaya ko ƙwaro ɗaya zai iya share aikin shekara ashirin. Mutanen Mishigan sun ga haka da idonsu tun 2002, lokacin da aka gano wani ƙwaro ɗan asalin Asiya a kusa da birnin Detroit, wanda ya kashe miliyoyin itatuwan ash, ya bar titunan da aka jera iri ɗaya fayau. Idan akwai ɓangaren filinka mai tsandauri ko tsakuwa, eastern red cedar yana jure shi, ganyensa yana da ƙaiƙayi tun yana ƙarami, tsuntsaye kuma suna son 'ya'yansa. Sharaɗinsa ɗaya ne: yana ɗauke da wata cutar tsatsa da ke yawo tsakaninsa da itacen tuffa, don haka idan kai ko maƙwabcinka kuna da lambun tuffa, ka nisanta shi ko ka bar shi. Idan ƙasarka jigawa ce mai yashi, red pine yana jin daɗinta, shi ne wanda matasan rundunar dashe ta gwamnati suka cika arewacin jihar da shi tsakanin 1933 da 1942, sai dai idan ya girma yana zubar da rassan ƙasa, ba ya yin sutura shi kaɗai sai an sa spruce a gabansa.

Akwai itacen da na san zuciyarka za ta kai gare shi, wato white pine, domin shi ne itacen da jihar ta ɗauka alamarta, kuma ba a cika samun mai kyansa ba, da dogon ganye mai taushi biyar-biyar a ɗaure. Wannan taushin ne matsalarsa. Barewa tana cin tohon da ke ƙolinsa, wanda daga shi ne tsawon shekara mai zuwa zai fito, sai itacen ya yi ta yin rassa a kaikaice kamar kurmi. Ba ya kuma jure gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, don haka ba wurinsa ba ne bakin titinka. Idan kana son shi, ka dasa 5 ko 6 can cikin fili, ka kuma ɗauke su a matsayin waɗanda sai an yi musu gadi. Hemlock da yew kuwa ka manta da su: barewa tana cin dukansu biyu da marmari, hemlock yana fama da wani ƙwaro baƙo da ya riga ya iso yammacin Mishigan, shi kuma yew guba ne ga dabbobin gida da yara. Masu sayarwa za su nuna maka wani dangin arborvitae mai suna Green Giant su ce barewa ba ta cin shi. Gaskiya ne bai kai wanda ka dasa daɗi a bakinta ba, amma a filin da bareyi suka riga suka saba zuwa neman abinci, ni ba zan sake ɗora dukan jarina a kan wannan dangin ba.

Tun kafin ka ba da oda, ka san ƙasarka. Ka haƙa rami mai zurfin ƙafa ɗaya a wurare uku ko huɗu na layin, ka cika shi da ruwa, ka dawo washegari. Inda ruwan ya tsotse, kowane spruce zai yi. Inda ya kwana, kada ka sa Norway spruce ko pine, domin saiwarsu tana ruɓewa a cikin tabo, sai dai ka gwada white spruce a kan ɗan tudun da ka tara. Ofishin malaman gona na jami'ar jiha yana gwajin ƙasa a kuɗi kaɗan. Taswirar shiyyoyin sanyi ta ma'aikatar gona ta Amurka, wadda aka sabunta a 2023, ta sa yawancin kudancin Mishigan a shiyya ta 5 da ta 6, kuma duk itatuwan da na ba ka shawara suna jure abin da ya fi haka sanyi. Ka kuma buga lamba 811 kwanaki kaɗan kafin ka fara haƙa, su zo su nuna maka inda bututun gas da wayoyin ƙarƙashin ƙasa suka bi. Kyauta ne, kuma doka ce.

Nan ne nake son ka fi ba ni hankalinka, domin zaɓin itace rabin aikin ne kawai. Ka tuna gida. Wa ya taɓa dasa darbejiya a ƙofar gidansa a Kano ya tafi ya bar ta haka? Akuya ba ta ƙaunar ɗacin ganyenta, amma duk da haka sai an kewaye dashen da ƙaya, ko a kifa masa tsohon kwando, ko a jera masa tubali har ya fi ƙarfin baki. Mun kuma sha ganin dashen da aka yi da biki da jawabi a bakin hanya, aka watse ba a bar masa shinge ba, kafin wata ya zagayo babu ko ɗaya. Wannan ilmin kana da shi tun kana yaro, sai dai ganin babu akuya a Mishigan ya sa ka ajiye shi. Barewa ita ce akuyar wurin, kuma ta fi akuya tsawo da tsalle. Tana kai bakinta kusan ƙafa 6, idan kuma ƙanƙara ta taru ta daskare, ta hau kai ta ƙara tsawo.

Don haka ƙa'idar da nake ba ka ita ce kada ka sayi dashen da ba ka riga ka sayi wayar da za ka kewaye shi da ita ba, ko da spruce ne. Ka nemi ragar waya mai walda mai tsawon ƙafa 5, ko 6 idan ka samu. Ka yanka ƙafa 10 ka naɗe ta, za ta ba ka keji mai faɗin kusan ƙafa 3, wato naɗi ɗaya mai ƙafa 100 zai yi maka keji 10. Ka kafa turken ƙarfe ɗaya ko biyu ka ɗaure kejin da shi sosai, domin iska da barewa duka suna ture wanda aka ajiye haka kawai. Bututun roba da ake zura wa dashen oak bai dace da spruce ba, yana matse rassansa. Ka bar kejin har ƙolin itacen ya wuce inda baki ke kaiwa, idan rassa sun cika shi ka buɗe ka ƙara masa faɗi.

Dalili na biyu na kejin ya fi na farko muhimmanci ga spruce, kuma shi ne wanda sababbin masu dashe ba su sani ba sai ya same su. Namijin barewa yana zubar da ƙahonsa kowace shekara ya fitar da sabo, kuma daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin barbara, yana goga ƙahon a jikin ƙananan itatuwa don ya kankare fatar da ta rufe shi, ya kuma bar warinsa ga sauran maza. Ba ruwansa da ɗaci ko kaifin ganye, tunda ba ci zai yi ba. Ya fi son itace mai kaurin da bai wuce na ƙotar fartanya ba, mai lanƙwasuwa. Da safe za ka tarar ɓawon ya saluɓe zare-zare a gefe ɗaya, farin itacen a waje, rassan tsakiya a kakkarye, ƙasa kuma duk sawun kofato. Idan gugar ta zagaye jikin itacen, abin da ke sama da wurin ya mutu ke nan. Itacen da ka yi shekara biyar kana raino yana iya tafiya a dare ɗaya, shi ya sa ake barin keji, ko aƙalla turaku uku a kewaye, har jikin itacen ya yi kauri sosai.

Shingen da zai hana barewa shiga fili gaba ɗaya sai ya kai ƙafa 8, kuma kewaye eka 10 da irinsa ya fi ƙarfin aljihun yawancin mutane, ban kuma ga dalilinsa a wurinka ba. Sabulun da aka ce ka rataya yana iya yin aiki na ɗan lokaci a kan reshen da yake rataye, amma bareyi suna sabawa da shi, kuma ba zai tsare layi mai ƙafa 300 a watan Fabrairu ba. Magungunan feshi da ake sayarwa sun fi shi, musamman waɗanda aka yi da ruɓaɓɓen ƙwai, sai dai dole a fara fesawa tun Oktoba kafin su saba da wurin, a kuma maimaita kamar yadda takardar ta ce. Ka karanta abin da aka haɗa su da shi kafin ka saya, domin wasunsu da busasshen jinin dabbobi ake yi, a wasu har da na alade. Ga white pine akwai dabarar da masu gandun daji na jihar Minesota suka shahara da ita: a watan Oktoba a naɗe ƴar takarda kamar girman tafin hannu a kan tohon ƙoli, a maƙale ta da abin maƙala takardu tare da ɗan ganye don kada iska ta ɗauke, a bar saman a buɗe yadda toho zai fita. Ana maimaitawa kowace kaka har itacen ya fi ƙarfin baki. Sannan ka riƙa yanke ciyawar gindin dashe kafin ƙanƙara ta sauka, domin ɓerayen daji suna bin ƙarƙashinta su gwaguye ɓawon a zagaye ba ka sani ba.

Ga lissafin da ya kamata ya kwantar maka da hankali. Ka dasa 60 ne domin arborvitae siriri ne, ana jera shi ƙafa 5 tsakani. Norway spruce yana buɗewa, tazararsa kamar ƙafa 15 ce, wato itace 20 ko 21 sun cika maka layin ƙafa 300. Idan ka ƙara layi na biyu na white spruce, ƙafa 16 zuwa 20 daga na farko, kowane itace yana fuskantar giɓin da ke tsakanin biyu na ɗaya layin, ka samu katangar da ba a gani ta cikinta da itace kusan 40. Ba dole ne ka yi duka a bana ba. Ka fara da layi ɗaya da kejinsa, naɗin waya biyu ke nan da ɗan ƙari, baɗi ka ƙara na biyu. Ka bar aƙalla ƙafa 100 tsakanin layin da gida ko hanyar motarka idan fili ya ba da dama, domin ƙanƙarar da iska ke kwasowa a bayan itatuwan take taruwa, kuma kariyar iskar tana kaiwa nisan da ya ninka tsawon itacen kusan sau 10. Ka kuma ɗaga kai ka duba wayar lantarki kafin ka sa itacen da zai kai ƙafa 60 a ƙarƙashinta.

Ba sai ka koma kantin da ke sayar da manyan itatuwa a tukwane ba. Kusan kowace ƙaramar hukuma a Mishigan tana da ofishin kula da ƙasa da ruwa wanda ke sayar da dashe da araha sau ɗaya ko biyu a shekara, ana karɓar oda tun cikin sanyi a raba kaya a watan Afrilu, don haka ka tuntuɓe su a wannan makon, idan an rufe ka tambayi abin da ya rage. A takardarsu za ka ga lambobi kamar 2-0 ko 2-2. Lambar farko shekarun da dashen ya yi a inda aka shuka irinsa, ta biyu shekarun da ya yi bayan an cire shi an sake dasawa don saiwarsa ta yi yawa. Ka ɗauki 2-1 ko 2-2, sun fi tsada kaɗan, amma sun fi jure gasar ciyawa. Suna zuwa ne ba ƙasa a saiwarsu, kuma ƴan mintoci a iska da rana sun isa su kashe su, don haka ka riƙe su cikin bokiti da jiƙaƙƙen buhu, ka fitar ɗaya-ɗaya. Kada saiwar ta lanƙwashe a gindin rami, kada kuma ka binne dashen fiye da inda alamar ƙasa take a jikinsa. Ka share ciyawa ƙafa 3 a kewaye, ka baza ɓawon itace ba tare da ya taɓa jikin dashen ba, ka ba shi ruwa sosai sau ɗaya a duk makon da ba a yi ruwan sama ba, har shekara biyu. A ofishin kula da ƙasa da ruwan kuma ka tambayi shirye-shiryen ma'aikatar gona da ke tallafa wa masu fili da wani kaso na kuɗin dasa katangar iska, ko filinka ya cancanta.

Kada ka ɗauki bindiga ka harbi barewa don haushi, domin farautarta sai da lasisi kuma a lokacinta, kuma babban lokacin farauta da bindiga a Mishigan yana daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba. Idan kana da maƙwabcin kirki mai farauta, ba shi izinin shiga filinka a lokacin yana rage matsin, musamman idan matan bareyin yake harbewa, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, uwar ce ke nuna wa 'ya'yanta inda ake samun abinci, 'ya'yan mata kuma sukan zauna kusa da inda uwarsu take. Kada kuma ka zuba musu masara can gefe da nufin su bar dashen, hakan ƙara tara su yake yi, kuma a 2019 hukuma ta hana ciyar da su a duk kudancin jihar saboda cututtukan da ke yaɗuwa a tsakaninsu. Yaran da za su taya ka aiki kuma a riƙa duba jikinsu da yamma, domin kaskar da ke bin barewa tana ɗauke da cutar Lyme.

Saura maganar cikin gida, wadda na ga ita ta fi damunka ko da yake a layi ɗaya ka ambace ta. Maiɗakinka ta ce ka dakata ka yi tambaya, kuma ta yi gaskiya. Ka gaya mata haka da bakinka, ba tare da kawo uzurin mai sayarwa ko tsananin sanyin bana ba, sannan ka zauna da ita da takarda da biro ku yi lissafin dashe 20 da waya da turaku, ku amince a kan adadin da ba zai sake taɓa kuɗin zuwa gaida Hajiya ba. Ka kuma gaya mata gaskiyar lokaci, domin spruce ɗin da ka dasa bana ba zai rufe muku gida ba sai bayan shekara 7 zuwa 10, ita kuwa da 'yan matan suna bukatar sutura tun wannan bazarar. Maganin wannan shi ne ɗan shingen katako mai ƙafa 6 a daidai inda suke zama da shanya a bayan gida, bayan ka tambayi ƙaramar hukumarku ƙa'idar tsawon shinge. A cikin wannan shingen ne za ka mayar da ragowar arborvitae ɗinka, ka bar ta ta zaɓi inda kowanne zai zauna. Idan Oktoba ta yi, ka bi layin keji ɗaya-ɗaya ka girgiza kowane turke ka ƙara ɗaure wanda ya saki, sannan ka rubuto mini ka gaya mini nawa ne suka kama.